Da Sauƙi

Ranar Asabar da hantsi ƙanena Rufa'i ya yi sallama a ƙofar gidana a Jega, sanye da farar shadda, yana ƙamshin turare kamar mai zuwa ɗaurin auren kansa. Ina zaune a zaure ina fama da rediyona, wadda ba ta magana sai an mare ta, sai na ji dariyarsa kafin in ga fuskarsa. Na ajiye rediyon. Wata bakwai ke nan rabon da wani ya ji wannan dariya.

Ya yi aski, ya yanke farce. Ƙasumbar da ta cinye masa fuska tun kaka ta tafi, ta bar kumatu biyu da suka zurma. A hammatarsa yana riƙe da tsohuwar jakar fatar mahaifinmu.

"Yaya Almu, har yanzu kana dukan baiwar Allah?" ya ce, yana nuna rediyon.

"Ita ka fara tsokana. Shigo. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Ban taɓa ganin wanda aka yi wa wannan tambaya ya ba da wata amsa daban ba. Mahaifinmu ya ce da sauƙi saura minti ashirin ya cika. Ni kaina na faɗe ta ina kwance cikin kwata, ranar da ɗan kabu-kabu ya kwashe ni a gaban tasha, takalmina ɗaya yana kan rumfar mai shayi. Kalma ce da muke miƙa wa juna kamar ruwan baƙo. Amma ran nan na yarda da ita, domin ga mutum a tsaye, ga haƙora a waje.

Cikin gida ya rikice da murna. Rahma, uwar 'ya'yana, ta dama fura, ya shanye, ya nemi ƙari. Ya tsokane ta kan ƙibar da ta yi, sannan ya sauke murya ya ce ta yafe masa duk abin da ya taɓa yi mata tun ranar da aka kawo ta gidan nan. Ta yi ta share hawaye tana cewa babu komai sai alheri. Ya kwance agogon hannunsa ya miƙa wa babbar 'yata, Salima.

"Amshi, likitarmu. Ki riƙa duba lokaci."

Daga nan ya ɗora mini jakar a cinya. Na san abin da ke ciki ko ban buɗe ba: tsagaggun gora na ɗori da hannu ya goge har suna sheƙi, da zare, da gwangwanin man shafawa.

"Ni za ka ba? Ni da kowa ya san tarihina?"

"Awo, kai. Wurinka ba ta cutar da kowa." Ya yi murmushi. "Gobe in ka samu sarari ka kai ni Sarandosa. Ina son in ga yarinyar nan, in roƙi iyayenta gahwara."

Na ce sai dai in motata ta ƙi tashi. Muka raka shi bakin hanya, ya hau motar Aliero yana ɗaga mana hannu ta taga. Da na juyo, kowa fuskarsa a sake take, ban da Salima. Tana tsaye jikin ƙyaure da agogon a tafin hannunta, tana kallonsa kamar an ba ta ajiyar kunama.

* * *

Gidanmu na Aliero gidan ɗori ne tun kakanni. Daga Nijar ma ana kawo mana masu karaya. Ni ne babba, ni ya kamata in gada, amma ranar farko da mahaifinmu ya ce in riƙe masa ƙafar wani Bafulatani da saniya ta taka, na ji ƙashi ya ce ƙaras, sai na farka na ga Bafulatanin yana yi mini fifita da hularsa. Daga ranar aka sallama ni ga boko. Yau shekara ashirin da biyu ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Jega, ina nuna wa yara tekuna da duwatsun ƙanƙara, ni da ban taɓa wuce Kaduna ba. Rufa'i ya ɗauki jakar, kuma hannunsa ya fi na mahaifinmu sanyi.

Da Salima ta samu gurbi a jami'a, na sanar a majalisarmu cewa likitanci za ta karanta. Ban yi ƙarya duka ba, na dai bar rabin gaskiyar a gida. Abin da aka ba ta shi ne saikoloji, wato nazarin tunani da halayyar ɗan Adam. Na tambaye ta, in ta gama wane ofis za a ba ta? Ta shiga lissafa mini a kan yatsu. Za ta iya aiki a makarantu tana ba ɗalibai shawara. Za ta iya aiki a gidan yari, ko a wuraren da ake raba matasa da ƙwaya, ko a sansanin mutanen da 'yan bindiga suka koro daga garuruwansu. Kamfanoni na ɗaukar irinsu su tace ma'aikata. In ta ƙara digiri na biyu kuwa, sai ta zauna a asibiti tana ganin masu ciwon damuwa. Yatsu suka ƙare, ayyuka ba su ƙare ba.

Shekara biyu ke nan da gama bautar ƙasarta, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya gano ƙofar gidanmu. Tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta. A unguwa an gajarta mata karatun, ana ce mata Saiko. Mata kan aiko a tambaye ta abin da ke cikin ran mazajensu. Wani saurayi da ya zo zance wurinta sau biyu, da baƙin tabarau ya zo, wai kada ta karanta idonsa, karo na uku bai ma zo ba. Ni kuma in an tambaye ni aikinta, sai in ce muna jiran takarda.

Abin da ya kwantar da Rufa'i ya faru ne ƙarshen damina. An kawo masa wata yarinya daga Sarandosa, can ƙasar Maiyama, Ummi, 'yar shekara tara, ta faɗo daga kan jaki ta karye a hannu. Ya ɗaure, ya ce a dawo da ita bayan kwana uku. Ruwa ya cinye hanya, ba su dawo ba sai kwana tara. Da aka kwance, yatsun sun yi baƙi. A asibiti aka yanke hannun daga gwiwa. Uban yarinyar, Malam Buba, ya tako har Aliero ya ce wa Rufa'i kada ya sa komai a ransa, ƙaddara ce. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya kai shi ƙara. Ina jin da an zage shi da ya fi masa.

Tun daga ranar bai sake taɓa ƙashin kowa ba. Ya daina fita, ya daina cin abin kirki, ya koma yini a rumbun albasarsa da ke bayan gida, yana kallon tafin hannunsa. Mahaifiyarmu, Inna Gudiya, ta ce sammu ne na abokan sana'a. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yanka abin yankawa. Tun a wata na biyu Salima ta ce ciwo ne, yana da suna, yana da magani a asibiti. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wato shekara huɗu kinka yi kina koyon yadda za ki ce ma bappanki mahaukaci." Maganar ta mutu a nan, ni kuma na taya binne ta.

* * *

Bayan azahar Salima ta same ni a zaure. Ta durƙusa nesa kaɗan, yadda take yi in za ta faɗi abin da ba zan so ba.

"Baba, don Allah kada a bar Bappa shi kaɗai kwanakin nan."

"Mutumin da ya sha fura kwano biyu? Ai furar ya kamata a tsare."

Ba ta yi dariya ba. "Wanda ya yi wata bakwai cikin wannan hali ba ya warkewa dare ɗaya. In an ga ya washe farat ɗaya, yana rabon kayansa, yana bin mutane yana neman gafara, sau da yawa ba warkewa ya yi ba. Shawara ya yanke. Shi ya sa ya ji nauyin ya sauka."

"Shawarar mi?"

Ta faɗa. A hankali ta faɗa, amma sai da na leƙa waje in ga ko wani na wucewa.

"A'uzu billahi. Salima, Musulmi ne ɗan Musulmi. Ya sauke Alƙur'ani kina cikin zani. Neman gahwara kuma yaushe ya zama alamar ciwo? Ashe duk mutanen kirkin garin ga marasa lahiya ne."

"Ban ce ba shi da imani ba, Baba. Na ce ba shi da lafiya. Mai ciwon suga ma yana salla."

"To mi kike so a yi?"

"A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, gobe in da hali. Kafin nan kuma a tambaye shi. Kai tsaye, da sunan abin, ba kewaye-kewaye."

"In sa mishi abin da babu a ransa?"

"Tambaya ba ta sa wa mutum shi. Abin da aka fi nanata mana ke nan a makaranta. In babu, zai ce babu. In akwai, wataƙila kai ne na farko da ya ba shi damar faɗa. Ni ba zan iya ba, 'yarsa ce ni, zai mayar da shi wasa. Kai ne yayansa."

Na tsura wa jakar ido. Abin da nake tunani, tunda yau gaskiya nake faɗa, ba Rufa'i ba ne. Ina tunanin 'ya'yansa mata uku da ba a aurar ba, da abin da za a ce a Aliero in aka ga motata ta nufi wancan asibitin da shi a ciki. Gidan da ake kawo wa karyayyu daga wata ƙasa, a ce ɗansa ya taɓu. Ina kuma tunanin Inna, wadda har yau in ta ɗaga murya sai in ji ni ɗan shekara goma.

"Asibiti dai a bari mu gani," na ce. "Tambaya kuwa, gobe muna tare a mota. Zan yi."

"Ka yi alkawari, Baba?"

"Ke, ni da ke wa ya haifi wani?"

Ta tashi. A bakin ƙofa ta ɗaura agogon a hannunta ta shige.

* * *

Washegari motar ta tashi a bugu ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba, har na ji ba daɗi. Rufa'i ya iso da jar akuya a igiya, ya ce ta Ummi ce. Muka tura ta kujerar baya, kafin mu fita Jega ta cinye rabin taswirar Afirka da nake koyarwa da ita.

"Ta gama da Masar," in ji Rufa'i. "Ta nufo mu."

Bazara ta kai maƙura. Gonaki a share suke fayau, suna jiran ruwa. Hadari ya taru a gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya wuri ɗaya ba ya gaba ba ya baya, iska ko kaɗan babu. Rufa'i ya yi ta hira. Ya tuna mini ranar da muka saci mangwaron liman, da ranar da na suma. Ya ce Luba matarsa mace ce mai haƙuri, a riƙa leƙa ta. Ya ce ƙaramar 'yarsa tana da kai, kada a cire ta daga makaranta. Kowace magana da ya yi sai in ji muryar Salima a bayanta, sai in ƙara taka mai.

Muka bar kwalta bayan Maiyama, muka bi burji har Sarandosa. Malam Buba ya tarbe mu kamar mun kawo masa kujerar Makka. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya. Can sai ga yarinya ta fito da kwanon ruwa, ta tallafe shi da hannun hagu ta manna a ƙirji, tana tafiya a hankali kada ya zube. Hannun rigarta na dama an naɗe shi an soke da fil.

Rufa'i ya tashi daga tabarma ya durƙusa a gabanta, farar shaddarsa cikin ƙasa. Malam Buba ya ce, "Haba Malam, haba, tashi," amma bai tashi ba.

"Ummi, kin gane ni?"

Ta gyaɗa kai.

"Ni na ɗaure miki hannu. Ki yahe min."

Ta dubi ubanta, ta dubi akuyar da ke leƙowa ta tagar mota. "Na yahe."

"Ya hannun?"

"Da sauƙi," ta ce.

Ya daɗe yana kallon wurin da fil ɗin yake. Sannan ya juyo gare ni da murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskar mai rai ba.

"Ka ji ko, Yaya? Da sauƙi."

A hanyar dawowa ya jingina da taga yana kallon gonaki. Ni kuwa ina ta jera kalmomin a raina. Ba su da yawa, ba su da wuya, duk Hausa ce, babu wadda ban sani ba. Na ce in mun wuce Maiyama zan faɗa. Muka wuce. Na ce in mun kai gadar Jega. Da muka kai, na gangara gefen hanya na kashe mota, na ce injin ya yi zafi. Gulbin ya ja baya, ya bar yashi da 'yan kududdufai, wasu mutane can ƙasa suna wankin babur.

"Rufa'i."

"Na'am, Yaya."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Bai ƙifta ido ba. Na sha juya wannan kallo a raina tun daga ranar, kuma duk ta inda na juya shi, abu ɗaya nake gani: jira yake.

Na buɗe baki. Na ji ƙaras ɗin nan na shekara talatin da biyar da suka wuce.

"Ya jikin dai?" na ce.

Ya ɗan ƙara jira, ko akwai saura. Babu.

"Da sauƙi, Yaya." Ya dafa mini gwiwa, a hankali, yadda yake dafa masu jinya. "Kai dai tun muna yara ba ka iya kallon karaya. Ba laihinka ba ne. Tada mota mu tahi, kada ruwa ya kama mu."

Na kai shi har Aliero. Garin duk warin albasa, buhuna jibge a bakin hanya ana lodi. Inna ta sa an toya waina ana raba wa yara sadaka, ɗanta ya warke. Ta ce in tsaya in ci, na ce sauri nake.

* * *

Salima na bakin ƙofa da na iso.

"Ka tambaye shi, Baba?"

"Na tambaye shi."

"Me ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce lahiyarshi lau."

"Da waɗanne kalmomi ka tambaye shi?"

"Da Hausa," na ce, na wuce ta.

Ban san ta kira Luba a waya ba sai bayan la'asar, da tawa wayar ta yi ƙara. Inna ce. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Almu, ɗiyarka ta bugo ma Luba wai a kulle rumbu, a ɓoye maganin feshi, a riƙa bin Rufa'i kamar ɓarawo. Allah ya ba ɗana lahiya, ita tana yi mishi fatan tsiya? Wanga wane irin karatu ne kunka sa ta? In ba ka iya tsawata mata, kawo min ita."

Na ce a yi haƙuri, yarinta ce. Na kashe waya na ƙwala wa Salima kira, na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba. Duk abin da ya kamata in faɗa wa kaina a bakin gada, ita na juye wa, da ƙari. Na ce ta mayar da mu abin kwatance, ta fara gwajin karatunta a kan danginta tunda gwamnati ta ƙi ba ta mahaukatan da za ta gwada. Na ce kada in ji ta taka Aliero.

Ta saurara har na gama, kanta a ƙasa.

"Luba ta kulle rumbun?" shi ne kawai abin da ta tambaya.

"Ta kulle. Hankalinki ya kwanta?"

"A'a, Baba."

Ranar Litinin ina aji, ina zana wa yara yadda gulbi ke cin gaɓarsa ta ƙasa alhali sama tana nan kamar lafiya, wayata ta yi ta motsi a aljihu. Ba na ɗauka a aji, doka ce da na kafa wa kaina kuma nake alfahari da ita. Sai da ta yi sau biyar na fita baranda. Daga Aliero ne, aka ce in zo yanzu-yanzu.

Ban tuna tuƙin ba. Na dai tuna hadarin nan yana nan inda muka bar shi jiya. Da na isa, mata sun cika tsakar gida, ana salati ƙasa-ƙasa. Luba na zaune dirshan a ƙasa, tana maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya matso.

"Na kulle, wallahi na kulle. Da hantsi ya zo yana dariya, ya ce in ba shi makulli ya juya albasa kahin ruwa ya sauko. Ya za ni hana mai gida makullin rumbunshi? Ga shi ya samu sauƙi?"

A bayan gida na tarar da Salima tsaye a ƙofar rumbun, da ƙurar alli a hijabinta. Ashe tun ƙarfe tara ta bar 'yan ajinta ta hau motar Aliero, ta karya dokata. Motar ta tsaya lodin albasa a hanya. Ta riga ni isowa, amma shi ya riga ta. Ba ta kuka. Ta dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, na so a ce da fushi ne.

* * *

Kafin a yi masa wanka, dattawan gida suka kira ni zaure aka tura ƙyaure. Ba a daɗe ba, domin kowa ya san abin da za a ce tun kafin a zauna. An kawar da gorar maganin feshin da aka samu kusa da shi. Liman bai tambaya ba, mu ma ba mu faɗa ba. Akwai 'yan mata uku a gidan, akwai sunan gida, akwai Inna.

"Almu, kai ne ɗan boko," in ji ƙanen mahaifinmu. "Rubuta sanarwa a tura ma dangi."

Na rubuta. Rubutuna mai kyau ne, kowa ya sheda. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam Rufa'i mai ɗori rasuwa yau Litinin a Aliero, bayan gajeruwar rashin lafiya.

Saƙon ya shiga wayar kowa, har da ta Salima. Na gan ta tana karantawa a bakin ƙofar mata. Da na zo wucewa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wata bakwai, Baba."

An yi jana'iza bayan la'asar, mutane har bakin kwalta. Mutum nawa ne a cikin sahun nan suke tsaye da ƙafar da ya ɗora, ban iya ƙirgawa ba. Ruwan farko ya sauko muna dawowa daga maƙabarta, aka ce alamar rahama ce.

Ranar sadakar uku wani tsohon abokin aikina ya zauna kusa da ni a tabarmar gaisuwa. Bayan addu'a ya ce ai ya ga Rufa'i ranar Asabar a tasha, garau da shi, ajali dai ba ya sallama. Sannan ya rage murya.

"Ɗiyar taka har yanzu ba a samu aikin ba?"

"Muna jiran takarda."

"Ai na faɗa maka tun farko. Wanga karatu na Turawa ne, su ke da irin waɗannan cututtuka. Mu nan wa za ta duba? Da malamar jinya ta karanta da yanzu tana da albashi."

Na ce haka ne.

* * *

Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwarsa. Na koma Jega, ban koma aji ba tukuna, na aika cewa zazzaɓi nake. Ina yini a zaure. Rediyon na nan inda na ajiye ta ranar Asabar ɗin, ban sake marinta ba, ita ma ba ta ce komai ba. Jakar fatar na rataye a ƙusa. Wani lokaci nakan sauke ta in fito da tsagaggun gorar in jera su a tabarma, in mayar. Rahma ta ce ƙasumba ta fara yi mini yawa.

Ɗazu da hantsi Salima ta shigo da kwanon fura ta ajiye kusa da na jiya, wanda ban taɓa ba. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ya jikin?"

"Da sauƙi," na ce. Ta fito da kanta, ban ko neme ta ba.

Na jira ta tashi, yadda kowa ke tashi in an ba shi wannan amsa. Ba ta tashi ba. Ta gyara zama a gefen tabarmar, ta jingina da bango, ta ɗora hannuwanta a gwiwa. A nan na lura da abin da ke lilo a jikin agogon Rufa'i, ɗaure da zare: makullin ɗan ɗakin da nake ajiye kayan gona da maganin feshi ne. Ban san yaushe ta cire shi daga aljihun rigata ba.

A waje an fara yayyafi. Agogon ya yi mata yawa, ya zamo har bayan hannunta, kuma zauren ya yi shiru har ina jin bugunsa.